Zanen kekunan doki shida da na saya, da ƙaron da na shafa wa ɗaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙin tasi a New York, kuma ban san adadin ranakun da na sauko daga gadar Queensboro na wuce ta gaban wani jibgegen ginin jan bulo mai sunan JetBlue a samansa ba. Ban taɓa ɗaga kai na tambayi tarihinsa ba, tunda direba fitilar hanya yake kallo. Wani dattijo da na ɗauko daga Manhattan ne ya nuna mini shi da sandarsa ranar da cunkoso ya tsare mu a Queens Plaza. Ya ce ginin Brewster ke nan, kamfanin da attajiran garin nan suke yin layi a ƙofarsa tun lokacin da doki ne injin kowa. Da na sauke shi na tsaya cin abinci, na buga sunan a waya. Abincin nan sai da ya huce ban sani ba.

Abin da na tarar shi ne zane-zane, ɗaruruwa, na kekunan doki iri-iri, yawancinsu an zana su daga gefe da tawada da fentin ruwa. Suna ajiye a gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke bakin Central Park. William Brewster, wanda ke riƙe da kamfanin a lokacin, shi ya ba su kyauta a 1923. Tun 2017 gidan tarihin ya saki hotunan irin waɗannan tsofaffin kaya ga kowa, ka sauke ka yi abin da ka ga dama ba sai ka nemi izini ba. Wannan ce ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa: akwai shaguna da yawa a intanet da suke kwashe hotunan, su buga a takarda mai kauri su sayar wa irina da ke son abin ratayawa a bango. A ɗaya daga cikinsu na saya. Ba zan kama sunansa ba, domin da yabo da ƙorafi duk ina da su, kuma na lura duk kanwar ja ce, kusan iri ɗaya suke aiki.

Guda shida na zaɓa, girman inci 11 da 14, dala 14 kowanne, da dala 9 na aikowa, jimla 93. Sun ce kwana biyar zuwa bakwai, sai a rana ta goma sha biyu kayan suka iso. Ban yi fushi sosai ba, lokacin ƙarshen shekara ne, gidan waya ya cika ya batse. A kwance suka zo cikin kwali mai tauri, da farar takarda siririya tsakanin kowane biyu. Wannan na yaba, domin wanda ya taɓa sayen hoto aka naɗo masa shi kamar tabarma ya san wahalar miƙar da shi. Kusurwar guda ɗaya ce kawai ta lanƙwashe, kuma za ku ji amfanin da ta yi mini.

Takardar kam ba laifi. Mai kauri ce, ba ta ƙyalli, idan ka shafa ka ji ɗan kaushi kamar sabuwar shadda kafin a kai ta bugu. Na ɗaga ta a hasken taga ban ga layin inji ko ɗigo-ɗigo ba. A nan shagon ya ci kuɗinsa.

Wanda ya fi fitowa da kyau shi ne Brougham, da Turawa ke furtawa kamar burum. Sunan wani babban lauya kuma ɗan siyasar Birtaniya ne, Lord Brougham, da aka ƙera wa na farko a Landan wajen 1838. Akwati ne rufaffe na mutum biyu, doki ɗaya ke jansa, ƙofarsa ta sauko ƙasa-ƙasa yadda mace mai doguwar riga za ta taka sau ɗaya ta shige. Na ɗora shi a teburin cin abinci na kawo gilashin ƙara girma da nake duba lambar magani da shi. Layin da ya taso daga ƙasan ƙofa ya lanƙwasa ya hau ya bi ta ƙarƙashin kujerar matuƙi, da jan alƙalami ɗaya aka yi shi, babu inda hannu ya yi rawa. Da farko na ɗauka ado ne wannan lanƙwasar. Ashe rami ne aka bar wa tayar gaba, shi ya sa ma aka yi ta ƙarama fiye da ta baya, don idan za a sha kwana ta shige ƙarƙashin jikin keken ba tare da ta goge fenti ba. A saman gatarin gaba akwai wani farantin ƙarfe da dukan gaban ke juyawa a kansa, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda kan tirela ke haɗuwa da bodinta ya ga jikan wannan farantin. Sandunan taya sirara ne har ka ce ba za su ɗauki buhun gero ba. Masu ƙira na Amurka da wannan suka yi fice, saboda suna da icen hikori mai tauri da juriya, suna fitar da taya marar nauyi da ta fi ta Turai sirantaka. Duk wannan ana ganinsa a bugun da aka aiko mini, har da siririn jan layin da aka bi kowace sanda da shi.

Na biyu a kyau shi ne katafaren da ake kira Park Drag, na doki huɗu. Wannan ba don zuwa ko'ina aka yi shi ba, don a gan ka ne. An kwaikwayo shi daga manyan kekunan da ke jigilar wasiƙu da fasinja a Ingila kafin jirgin ƙasa ya kashe musu kasuwa. Kujerun manya a kan rufi suke, mai kayan da kansa yake riƙe linzami, baƙinsa na zaune a sama da lema, barori a baya. A 1875 masu kuɗin New York suka kafa ƙungiyar masu irin wannan keke, suna fita jerin gwano duk shekara jama'a na kallo. Da na nuna wa wani abokina da muke sallah masallaci ɗaya a Bronx, ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Alhaji, ai wannan hawan daushe ne na marasa sarki." Na yi dariya har da ƙwalla, kuma ban ga inda ya yi kuskure ba.

Sauran huɗun: Landau mai rumfa biyu da ake naɗewa gaba da baya, mutum huɗu suna fuskantar juna, sunan wani gari ne a Jamus. Victoria, buɗaɗɗe marar ƙofa, na fitar yamma a Central Park. Phaeton mai dogayen ƙafafu wanda mai shi ke tuƙawa, an ba shi sunan wani yaro a tatsuniyar Girkawa da ya ari keken rana na ubansa ya kasa riƙe dawakin, wato dai tun a suna an gaya maka na masu ganganci ne. Sai kuma na kan ƙanƙara, marar taya, wanda 'yata ce ta zaɓa saboda ta ce ya yi kama da agwagwa.

A cikin waɗannan huɗun ne matsalar take.

Takardun asali sun haura shekara ɗari, sun rine sun koma kalar kunun gyaɗa, wasu da ɗan tabo a gefe. Wani a shagon ya ga wannan datti ne, ya sa kwamfuta ta wanke bayan ya koma fari fat. To kwamfuta ba ta san bambancin tabo da siririn layi ba. A Phaeton ɗina, sandunan tayar gaba guda uku sun yanke a tsakiya kamar gara ta ci, kuma ƙarfen da ke riƙe fitila ya ɓace gaba ɗaya, fitilar na reto a iska ba abin da ya tallafe ta. Na buɗe hoton gidan tarihin a waya na kara kusa da nawa: can ƙarfen yana nan, siriri kamar gashin wutsiyar doki, amma yana nan. Wanda bai san abin ba zai wuce bai lura ba. Ni da na lura, kullum idona a wurin yake sauka, kamar harshe da giɓin haƙori.

Na biyu, sun yanke gefe. Kusan kowane zane na Brewster yana da lambarsa, da ita kamfanin ke gane wane fasali ne, kuma da ita gidan tarihin ya yi musu suna. Don takardar ta cika inci 11 da 14 ba tare da fili ya yi yawa ba, sun zuƙo hoton sun datse ƙasa, lambar Landau da ta Victoria suka tafi. A madadinsu suka buga suna da wasu haruffa masu lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, kuma a ƙarƙashin Victoria suka rubuta Landau. Keke marar ƙofa, rumfa ɗaya a baya, an kira shi da sunan mai ƙofa da rumfa biyu. Kamar ka sayi hoton raƙumi a rubuta maka doki ne a ƙasa.

Na uku laifina ne rabi. Zanen asali ƙanana ne, yawancinsu wajen inci 6 da 9, abin da za ka riƙe a hannu ka miƙa wa mai saye ya duba. Da aka kumbura su, waɗanda hotonsu bai kai sauran kaifi ba sai bakin layi ya yi laushi. Shagon har inci 24 da 36 yake sayarwa, kuma ina tausaya wa wanda ya sayi wannan. Da zan sake, inci 8 da 10 zan ce, in bar fili a gefe.

Na rubuta musu da hotunan wuraren. Washegari wata ta amsa da ladabi, ta ba da haƙuri, ta ce za su sake buga Victoria da sunan daidai su aiko kyauta, kuma sun aiko cikin mako guda. Maganar wanke bayan takarda kuwa ta ce haka yawancin masu saye suka fi so. Na yarda da ita, ba ƙarya ta yi ba, mai neman abin da zai dace da labulen falo fari fat zai so. Amma da sun ba mutum zaɓi.

Akwai kuma abin da ba laifin shagon ba ne, ba kuma injin da zai iya shi, kuma shi ne ainihin dalilin da na zauna rubuta wannan.

A bayanin da gidan tarihin ke sakawa ƙarƙashin kowane zane akwai layin da ke faɗin kayan da aka yi aikin da su. A da yawa daga cikinsu za ka ga alƙalami da baƙar tawada, fentin ruwa, fenti mai kauri, sai kuma abin da suke kira gam na Larabawa. Na karanta sau biyu kafin ta faɗo mini: ƙaro ne. Ƙaron nan dai da ke tsattsafowa daga jikin ɗakwara, wanda muke ɓantara muna tsotsa a hanyar daji. A zamanin da aka yi zanen nan daga Senegal da Sudan ake lodinsa zuwa Turai da Amurka. Ina ɗan shekara tara a tsangaya aikina ne haɗa wa gardinmu zuge: in goga gawayi a dutse da ruwa, in jiƙa ƙaro ya kwana, in tace da tsumma in zuba a kurtu. Idan ƙaron ya yi kaɗan, rubutu ya bushe ya kakkaɓe daga allo, ka sha rankwashi. Idan ya yi daidai, baƙin ya kama, ya yi wani sheƙi idan ka karkata allon wajen hasken wutar kiskadi. Wannan sheƙin ne masu zanen Brewster suke nema. Keken gaske ana yi masa fenti shafi bisa shafi, kowanne ya bushe a goge shi da garin dutse a sake, sannan a bi da man sheƙi, aikin makonni, har jikin ya zama kamar madubi. Mai zane yana son attajirin da zai saya ya ga wannan tun a takarda, sai ya shafa ƙaro a kan ƙofa da bangon keken kawai, ya bar sauran. Ka juya takardar a hannu, jikin keken ya ɗauki haske.

Hoto ba ya ɗaukar wannan, bugu kuma ba ya mayar da shi. A takardata jikin Brougham baƙi ne kawai, shimfiɗaɗɗe, kamar an liƙa baƙin ƙyalle.

Daren wata Lahadi na kasa haƙura. Tunda an aiko mini da sabuwar Victoria, tsohuwar mai sunan ƙarya, wadda kuma ita ce mai lanƙwasasshiyar kusurwa, ta zama ta gwaji. Na sayo ƙaro a wani shagon kayan gida da ke unguwarmu, inda muke sayen daddawa da kuka, na zaɓi ƙwaya uku masu haske na jiƙa a kofin shayi. Da safe sun narke, na tace da tsohon hankici, na ari burushin fentin 'yata na makaranta. Uwargida ta fito daga kicin ta tsaya a kaina.

"Malam, lafiya? Abin da ka saya dala goma sha huɗu kake shafa wa ƙaro?"

Na ce ai wannan ta riga ta zama kyauta.

"To Allah ya ba da sa'a. Kada dai ka ɓata mini ledar tebur."

Tsorona shi ne tawadar ta zube da ta ji ruwa, domin tawadar ƙananan injina haka take. Na fara da ɗan lungu a bayan rumfa, na ɗaga burushin na duba bakinsa: tas, bai ɗauko baƙi ba. Shagon sun ce tawadarsu mai jure ruwa ce, kuma ga shi na tabbatar da hannuna, wannan ma a rubuta musu a gefen lada. Na bi jikin keken a hankali, ina kauce wa jan layin gefe. Takardar ta ɗan kumbura, na bar ta ta sha iska sannan na danne ta da littattafai. Wajen mazaunin fasinja hannuna ya yi nauyi, ƙaron ya taru, da ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara. Amma inda na shafa siriri, da na ɗaga takardar na karkata ta wajen taga, sai ga haske ya gudu a jikin keken daga gaba zuwa baya. 'Yata ta ce, "Baba, ya zama na gaske." Na kusa minti goma ina juya ta. Ba na ba kowa shawara ya yi wa wanda yake ji da shi haka, sai in yana da na asara kamar nawa.

Kaɗan daga tarihin masu kayan, don wanda zai rataya ya san abin da ya rataya. James Brewster ya fara ƙera keken doki a New Haven a 1810. Ɗansa Henry ne ya kafa kamfanin New York da ya yi suna, a titin Broome, a 1856. A 1874 suka koma Broadway wajen titi na 47, unguwar da a lokacin ake kira Longacre Square, cike da maƙera da barga da masu sayar da kayan doki. Sai a 1904 aka sauya mata suna ta koma Times Square. Ni da nake shiga wurin sau biyar a rana ina tsaki saboda cunkoso, yanzu nakan tuna cewa warin kashin doki ne ya riga hayaƙin mota zama a wurin, a garin da dawakinsa suka haura dubu ɗari wajen 1900. A baje kolin duniya na Faris a 1878 Brewster ya ci lambar zinariya a gaban Faransawa da Ingilishi da suke ganin sana'ar gadonsu ce. Manyan gidaje kowa da kalarsa, Vanderbilt ja mai duhu, Astor shuɗi, J. P. Morgan kore mai duhu, har yau kuma akwai wani kore da masu fenti ke kira da sunan Brewster. Cikin masu zanen, sunan da ya fi fitowa a bayanan gidan tarihin shi ne Herman Stahmer, wanda aka haifa a 1857 ya rasu a 1894, bai kai arba'in ba, bai kuma ga ranar da mota ta kori doki daga titi ba.

Waɗannan ƙananan zane-zane masu kala na nuna wa mai saye ne. Wanda ma'aikata ke bi daban ne, ana zana shi da girman keken na gaske, daga nan kafinta ya fitar da ma'aunin katako, maƙeri ya san lanƙwasar sifirin da gatari, mai taya ya yi nasa, baduku ya ɗinka kujeru da rumfa, mai fenti ya rufe. Sana'ar zanen ta yi ƙarfin da a 1880 aka buɗe mata makaranta ta musamman a New York.

Akwai abu ɗaya da na fi kowa gani a gidanmu, saboda sana'ata. A duk shidan babu doki, babu mutum. Keke ne tsaye shi kaɗai, kujeru wayam. Amma ka dubi Brougham ka ga inda aka ajiye matuƙi: a waje, a sama, kan ɗan benci, babu rufi babu bango, sai ɗan ƙarfe a gefe kada ya zame. Mai gida yana ciki bayan gilashi, a kan kujera mai laushi. Na san sanyin Janairu a garin nan, na san iskar da ke busowa daga kogin Hudson ta ratsa riga uku. Ina tuna daren da na'urar ɗumama motata ta mutu a Brooklyn, awa biyu kawai na yi na koma gida yatsuna ba sa lanƙwasuwa. Mutumin da ke kan bencin nan haka zai zauna a ƙofar gidan rawa har a tashi, da linzami a hannu, kuma ana so ya zauna a miƙe kada ya zubar wa mai gida da girma. Mai zanen ya ƙawata bencin, har ɗinkin matashinsa ya fitar, don kyan keken ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da doki ya tafi al'adar ba ta bi shi ba. Brewster ya fara yin bodin motar fetur a 1905, ya koma ginin Queens ɗin nan wajen 1910, daga baya reshen Rolls-Royce na Amurka ya saye shi a 1925, kuma a cikin motocin alfarma na wancan zamani akwai samfurin da direba ke zaune a buɗaɗɗen gaba, mai gida a rufe a baya, alhali babu linzamin da zai sa a bar shi a waje.

Gaban bencin akwai wani allo a tsaye, na fata ko katako, da ke tare taɓon da kofaton doki ke watsowa. Sunansa ne ya zama dashbod ɗin da nake ɗora wayata a kai. Kab ɗin da fasinja ke ɗaga hannu yana kira, wato tasi, shi ma guntun sunan wani keken doki ne na Faransa. Na gaya wa abokan aiki wannan a wurin jiran fasinja na filin jirgi, wani ɗan Kumasi ya ce shi dai a bar shi da abin da mita ta nuna.

To, a saya ko kada a saya? Idan kana ƙasar nan, ba ka da lokaci, kana son takarda mai kyau da tawadar da ba ta zuba, irin wannan shagon zai yi maka, da sharaɗi uku: ka rubuta musu tun kafin ka biya cewa kada a wanke bayan takardar, kada a yanke gefe, kada a ƙara wani rubutu. In sun ce ba za su iya ba, ka nemi wani. Ka kuma zaɓi masu jiki rufaffe irin Brougham da Drag, sun fi jure bugu fiye da masu siraran ƙafafu. In kuwa kana da ɗan haƙuri, ka tuna hoton kyauta ne, kuɗin takarda da tawada kawai kake biya. Ka shiga shafin gidan tarihin ka rubuta Brewster, ka sauke mafi girman hoton, ka kai wa mai buga hoto na kusa da kai, a Bronx kake ko a Kano ko a Yamai, ka tsaya a kansa ya buga shi yadda yake da tabonsa da lambarsa. Ƙanena da ke aikin walda a gida na tura masa guda huɗu ta WhatsApp, ya ce lanƙwasar ƙarfen matakalar Landau ta ba shi dabarar wata ƙofa da aka ba shi kwangila.

Firem na sayo daban, baƙaƙe sirara, dala 11 kowanne. Brougham da Drag suna falo saman kujera. Na kan ƙanƙara yana ɗakin 'yata. Landau da sabuwar Victoria suna lungun shiga, inda haske bai cika yawa ba balle a ga sun yi laushi. Phaeton mai fitila a iska yana cikin kwalinsa a saman kwaba, na rasa yadda zan yi da shi. Mai ƙaron kuwa ban sa mata gilashi ba, domin gilashi zai kashe sheƙin. Na manna ta a kwali na jingina a kan firji, wajen da rana ke shigowa da hantsi, kuma uwargida ta riga ta gargaɗe ni cewa ranar da tururuwa suka gano ta, ni da su.